Iri a Bakin Zane

Kwana da kwanaki ke nan hadari yana haɗowa ta gabas, ya yi baƙi ƙirin kamar yanzu zai zubo, sai iska ta taso ta watsa shi. Jiya da la'asar ina zaune ƙofar ɗaki ina tsintar shinkafa, na jiyo maƙwabciyata tana faɗa wa ɗanta ta waya cewa shukar da suka yi a Kalfu ta fara kwanciya. Muryarta ce ta tsayar da hannuna. Na san wannan muryar. Da irinta muka yi ta magana wata shekara, mu duka, malamai da iyaye da yara, a wata 'yar lakwal, wato makarantar boko, da ke bakin garin Tawa ta arewa.

Shekarar da aka karya darajar kuɗi ce. Ban daɗe da zuwa Tawa ba a lokacin. Ni 'yar Damagaram ce, aiki ya kawo ni, aka ba ni ajin manya masu shirin jarrabawar fita. Mijina Sani ma'aikacin lafiya ne, an tura shi wani ƙaramin asibiti can arewa, inda hanya ba ta da lafiya a shekarun nan, mota ba ta tafiya sai da rakiyar soja. Sai in daɗe ban ji ɗuriyarsa ba, rannan wani direba ya tsaya ƙofar lakwal ya ce, "Madan, mai gidanki yana gaishe ki," ya ja motarsa. Ga ni da cikin fari, ba uwa kusa, ba 'yar'uwa.

Damanar da ta gabata ba ta yi kyau ba, tun kafin sanyi ya fita rumbuna suka fara nuna gindi. Azumi bai ƙare ba sai da tiyar hatsi ta gagari talaka. Albashi ya daina zuwa, malaman ƙasa duka suka shiga yajin aiki, mu ma muka rufe azuzuwa.

Daraktanmu, Mushe Illa, mutumin Barmu ne, dogo siriri, ba ya rabo da wani tsohon keke mai kuka. Mushe da Madan kuwa laƙabi ne na Faransanci da ake kiran malaman lakwal da su, namiji da mace. Ran da muka rufe, ya tara mu gindin dogon yaro. Yaranmu da yawa 'yan ƙauye ne da ke zaune gidajen dangi a gari, kuma masu masaukinsu sun fara mayar da su gida, don tukunya ba ta isa.

Ya ce, "Yaron da ya tahi cikin irin wagga shekara ba shi dawowa. Namiji shi bi yayyensa Abijan, mace ta bi uwarta aikatau. Yajin aiki mun shiga, ba mu hita, alli ba mu taɓa shi. Amma ba wanda ya hana mu gaisawa da ɗiyanmu."

Haka aka yi. Azuzuwa na kulle, ƙofar lakwal kuwa a buɗe. Kowace safiya yaran gari su zo su zauna inuwa, manya su yi ta tambayar ƙanana abin da aka koya a baya, mu muna gefe muna sauraro. Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, iyayen ƙauye su biyo ta nan su ɗaure jakunansu, su sha ruwa. Mushe Illa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kowane yaro da sunansa: yana lafiya? yana buɗe littafinsa? Tsakiyar mako kuma ya hau kekensa ya nufi Affala ko Kalfu ko Barmu, ya hau tudu ya gangara cikin duwatsun nan ja, ya dawo da la'asar leɓensa a tsattsage, da gaisuwar yara a bakinsa.

Akwai wata tsohuwa, Inna Dije, mai suyar masa a ƙofar lakwal. Jikanyarta Bibata tana ajina, yarinya mai kai sosai. Da ciniki ya mutu, Inna Dije ba ta daina zuwa ba. Wata safiya sai ga ta da babbar tukunyarta a kai, ta dire ta gindin itace ta ce, "Ɗiyan ga ba su karatu da ciki wayam. Kowace uwa ta kawo abin da hannunta ka iya ɗauka."

Daga ranar aiki ya samu tsari. Da asuba 'yan mata su bi layin famfo. Hantsi na fitowa samari su shiga bayan gari tsintar kara da busasshen kashin shanu na hura wuta. Uwaye su iso da 'yan ƙulle-ƙullensu, wannan gari kaɗan, waccan tsamiya, wata garin rogo, wata dusa. A daka, a tankaɗe, a dama kunu. Ƙanana ake fara ba wa, sannan manya. Mu malamai sai mu kau da kai kamar muna da wani aiki, alhali yunwar da ke cin su ita ke cin mu. Kunya ce kawai. Rannan Inna Dije ta cika ludayi ta miƙo mini, na ce na ƙoshi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ba ke nike ba ba, ɗiyata. Wanda ke ciki nike ba. Amshi."

Na karɓa. Kunun tsararo ne, yana warin hayaƙi, amma na ji saukarsa har tafin ƙafata.

Sai zafi ya sauka. Wanda bai yi bazara a Adar, ƙasar Tawa, ba, ba zai gane ba. Rufin kwano ya yi ta ƙara shi kaɗai, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a wuta, duwatsu su riƙe zafin rana su yi ta mayar maka da shi har bayan magariba. Ƙuraje suka feso wa yara a wuya. Ƙulle-ƙullen uwaye suka yi ta ƙanƙancewa, har aka koma ga anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana canza ruwa kafin su ciwu. Gashin wasu yaran ya fara ja. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun. Fili cike da yara, ba guje-guje, ba faɗa, ba mai kawo ƙarar wani. Kowa ya jingina da itace yana kallon tukunya.

A lokacin ne na haɗa akwatina zan koma Damagaram. Na faɗa wa Inna Dije, ina jiran ta yi mini faɗa. Ta ce, "Tahi, ba mai ganin laihinki. Uwa daɗi gare ta." Ta ci gaba da tankaɗe. Na koma gida na zauna bakin gado ina kallon akwatin. Doguwar hanyar na ba ni tsoro da wannan cikin, ina kuma tsoron saƙon Sani ya zo bai same ni ba. Da gari ya waye na tsinci kaina a hanyar lakwal, akwatin kuma ya yi ta zama a ɗaure bayan ƙofa.

Bayan azuzuwa akwai gonar lakwal, irin da za a shuka a cikinta kuma yana cikin buhu a ofishin Mushe Illa. Kowa ya san da shi, ba mai ambatonsa. Sai ran da Bibata ta faɗi. Tana tsaye tana yi wa ƙanana tambayar lissafi, muryarta ta yi ƙasa, ƙafafunta suka lanƙwashe. Na riga kowa isa gare ta. Da na ɗaga ta sai na ji kamar damin kara na ɗauka. Muka yayyafa mata ruwa, ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Madan, ban gama ba."

Inna Dije ta miƙe, ta nufi Mushe Illa kai tsaye.

"Mushe, buɗe ɗakin nan. Hatsi na kwance, ɗiya na faɗuwa."

"Inna, iri ne. In munka ci shi, mi za mu shuka?"

"In sunka mutu, wa za shi ci abin da ka shuka?"

Ba wanda ya ɗaga murya a cikinsu, kuma duk wanda ke wurin ya san kowannensu gaskiya gare shi. Mushe Illa ya cire hularsa ya riƙe. Daga ƙarshe aka raba buhun biyu, rabi tukunya, rabi gona. Kwanakin da rabin nan ya yi, kunu ya yi kauri, yara suka koma tsalle da ihu, har aka kawo mini ƙarar wani ya mari wani, na ji daɗin ƙarar. Amma duk ludayin da aka ɗiba, idona sai ya kai ga sama.

Ruwan farko ya zo da hantsi. Ƙamshin ƙasa ya tashi har cikin maƙogwaro. Washegari tun kafin rana ta fito maza suka jera da sungumi suna sara, mu da yara muna biye, a jefa iri a rufe da diddige. Ni sunkuyawa ta gagare ni, sai na riƙe ƙwaryar iri ina rabawa. Muka zuba duk abin da ya rage, ko ƙwaya ba mu bari ba. Cikin 'yan kwanaki gona ta yi kore shar, layi-layi, yara na zuwa suna durƙusawa suna kallo.

Daga nan sama ta kulle.

Kullum da la'asar hadari ya haɗo, mu fito mu tsaya, iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Shuka ta fara naɗe ganye, ta yi fari, iska mai yashi ta bi ta ta yanke. Aka fita roƙon ruwa, maza da mata da yara, aka dawo rana na dukan ƙeya. Wata safiya na hango Mushe Illa shi kaɗai tsakiyar gona, yana sunkuyawa yana taɓa abin da ya rage, yana murje shi ya zama gari a hannunsa. Shi da Inna Dije suka koma gaisawa ba su kallon juna. Da rabin buhun nan yana nan da an sake shuka. Da ba a dafa shi ba kuma, Allah kaɗai ya san yaran da za su kai ranar. Ba wanda ya furta, amma kowa na ɗauke da zancen.

Cikin kwanakin nan ne aka fara raɗe-raɗin an tare wata mota a hanyar arewa. Wasu su ce akwai ma'aikatan lafiya a ciki, wasu su ce babu. Direban da ke kawo mini gaisuwa ya daina zuwa. Duk ƙarar motar da na ji sai gabana ya faɗi, ɗan cikina ma ya motsa.

Ran wata Lahadi, Malam Nomau, mahaifin wani ɗan ajina daga wani ƙauye kusa da Affala, ya sha ruwa ya ce a nuna masa gonar. Ya zaga ta, ya tona ƙasa da yatsa, ya miƙe ya kakkaɓe hannu. Ya kwance jakinsa ya tafi. Na ɗauka abin ya ƙare ke nan.

Lahadin da ta biyo, tun da hantsi suka fara isowa, mutanen Affala da na Kalfu da na Barmu, har da waɗanda ba su saba biyowa ba. Malam Nomau ya ce a shimfiɗa tabarma. Wata mata ta matso ta kwance ƙulli a bakin zanenta, ta zazzage. Bai fi cikin tafin hannu ba. Ta bayanta ma haka. Wani tsoho ya kwance nasa daga bakin rawani, wani ya juye aljihun taguwarsa. Iri ne, daga cikin ɗan abin da kowa ya ɓoye don sake shukar gonarsa, don su ma tasu ta ƙone.

Mushe Illa ya ce, "Haba Malam Nomau, ku ma kuna bukata. Ba ni iya amsar wannan."

Malam Nomau ya ce, "Mushe, kai ad da hawan dutsi da keke cikin wanga zahi, don kawai ka tambayi ɗana ko shina buɗe littahi. Ba a biya ka ba, mun sani. Mu ba mu da abin biyanka. Bari mu ma mu yi wanda muka iyawa."

Mushe Illa ya juya mana baya, ya daɗe yana gyaran sarƙar kekensa, alhali ba abin da ya same ta. Inna Dije ce ta durƙusa ta tattara irin cikin ƙwarya, ta kai masa, ta tsaya har sai da ya ɗago ya karɓa daga hannunta.

Ba mu jira ruwa ba, binne muka yi, wato shuka cikin busasshiyar ƙasa. Kasada ce. In ruwa ya yi jinkiri, tururuwa da tsuntsaye su kwashe. In yayyafi kawai aka yi, iri ya tsiro ya mutu, kuma wannan karon babu wani bakin zane da ya rage. Yara suka raba kansu suna gadin tsuntsaye da gwangwani. Ni kuwa ko ruwa na zo sha sai na tsaya ina tunanin ƙwayoyin nan kwance cikin ƙasa mai zafi.

Muna cikin wannan jiran rediyo ta faɗi cewa shekarar karatu ta tashi a banza, ba jarrabawa, kowa zai maimaita ajinsa. Mushe Illa ya tara yara ya faɗa musu da bakinsa. Bibata ta ɗaga hannu kamar muna cikin aji.

"Madan, to duk abin da munka karanta, an shahe shi ke nan?"

Na ce, "Faɗa mini, bakwai sau takwas?" Ta faɗa. Na ce, "To wa ya shafe?" Ta yi ɗan murmushi, amma hawaye na zuba. Ni ma ban san ko zan sake ganin rabinsu a aji ba.

Ruwan ya zo ne ranar da ba mu sa rai ba, da azahar, ba wani dogon hadari. Iska ta yi sanyi farat ɗaya, aka yi tsawa guda, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Ajin ƙanana, wanda rumfar zana ce, ya kife a gabanmu, ba wanda ya ko waiwaye shi. Yara suka fita suna tsalle, uwaye na guɗa, Inna Dije ta bar tukunyarta na cika da ruwa tana ta faɗin, "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi." Ni na tsaya ƙarƙashin indararo, ruwa na dukan kafaɗuna, ina kuka ba mai ganewa. Daga ranar ruwa bai ƙara yanke mana ba, har aka shiga marka, koramu suka cika suka datse hanyoyin arewa gaba ɗaya.

Ban taɓa ganin gona irin wannan ba. Da yake irin daga gidaje daban-daban ya fito, wani hatsin dogo, wani gajere, wani mai gashi, ga dawa jefi-jefi, ga wake da ba wanda ya san wa ya kawo shi. Masu wucewa su tsaya su yi dariya. Muka yi noma tare, yunwa na nan ba ta tafi ba, sai dai yanzu akwai tafasa da rama a bayan gari, tukunya ta samu abin ɗorawa. Gajeren hatsin mutanen Affala shi ya riga kowa nuna.

Yanzu lakwal ɗin an zagaye ta da katanga, inda gonar take an yi azuzuwan siminti, kuma wanda ke arewa in ya yi tari sai a ji shi ta waya a Tawa. Da aka koma karatu bayan wannan damana, yawancin yaranmu sun dawo. Wasu ba su dawo ba, har yau ina iya faɗin inda kowannensu ke zama a aji. Bibata ta ci jarrabawarta a shekara ta gaba. Mushe Illa da Inna Dije duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

A waccan damanar, ran da aka fara gasa tumu a filin lakwal, ina riƙe da zangarniya mai zafi ina murzawa, naƙuda ta taso mini. Inna Dije ta sa aka ɗora ni a amalanken jaki, tana tafe a gefe riƙe da hannuna har asibiti. Kafin la'asar na haifi namiji. Yara suka laƙaba masa Citumu tun kafin a raɗa masa suna.

Har ranar suna ba labarin Sani. Mushe Illa ya tsaya a matsayin uba. Iyayen ƙauye suka haɗu suka kawo ɗan akuya, uwaye suka kawo sabon hatsi, ɗan gidan hayata ya cika har waje, yara na ta kai da kawowa da tabarmi. Ina ɗaki da jariri a cinya, ina amsa barka da baki, zuciyata na can hanyar arewa.

Wajen azahar na ji tsakar gida ta yi tsit. Na leƙa. Wani mutum ne tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ya rame, ya yi baƙi, wandonsa duk laka har gwiwa. Sai da ya cire hula na gane Sani ne. Ya dubi maza a kan tabarmi, ya dubi mata a bakin murhu, bai san ko mutum ɗaya ba. Na fito da yaron. Ya karɓe shi, ya daɗe yana kallon fuskarsa, sannan ya matso ya tambaye ni a hankali.

"Su wane ne waɗannan duka?"

Kafin in amsa, Inna Dije ta taso daga bakin wuta, ta kakkaɓe toka daga wata zangarniya, ta miƙa masa.

"Dangin ɗanka ne. Zamna ka ci, ka sha hanya."